Zaɓi Sojojinka, Ya Taufiq

Shafi na 19

Masu cewa Sa'adiyya ta haƙura ta zauna a gida, da masu cewa ta je ta ji daga bakinsa, duk na ga saƙonninku. To, ta tafi. Kowa ya riƙe zuciyarsa.

*

Tun daga tashar Birnin Kudu har motar ta shiga Gwaram, Sa'adiyya ba ta sauke jakar kwamfutar daga cinyarta ba. Matar da ke gefenta ta miƙo mata dafaffiyar gyaɗa, ta girgiza kai kawai.

Duk wahalar da suka sha ita da Taufiq tana cikin jakar nan. Gem ne, wasan kwamfuta na yaƙi, da suka ƙirƙira su biyu. Shi ya zana taswirar, ya raɗa wa ƙauyukan ciki sunan garuruwan yankinsu, Fagam da Zandam da Maruta. Ita kuma ta rubuta kod ɗin da ke motsa komai. Mai wasa zai zaɓi mutanensa da maus, ya tura manoma gona, ya tura maharba da masu mashi su tsare gari.

Taufiq ɗan gwaggonta ne. Kuma shi aka sa musu rana.

Sai ga shi farkon damina ya turo mata layi biyu a waya: ya fita daga aikin gem, maganar aure ma a bar ta, ta yafe masa. Daga ranar bai ƙara ɗaga kiranta ba.

Gwaggo Kubura na tsakar gida tana tsinke zogale lokacin da ta yi sallama. Tana ɗagowa reshen ya suɓuce daga hannunta.

"Sa'adiyya? Ke da wa?"

"Ni kaɗai ce, Gwaggo. Ina wuni?"

"Lafiya lau. A gida an san kin taho?"

"Na gaya wa Umma. Ya Taufiq yana ciki?"

Gwaggo ta kalli ƙofar ɗakin, ta kalli jakar.

"Ki zauna ki sha ruwa tukuna, 'yar nan."

"Gwaggo, don Allah ki taso ki raka ni. Ina so a yi a gabanki."

Ɗakin duhu dulum, ga rana tsaka a waje. Yana zaune bakin gado da farar singileti da wandon yadi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da ta yi sallama ba ido ya ɗago ba, kansa gaba ɗaya ya juyo, a hankali, har ya saita ta.

"Me kika zo yi?"

Ko amsa sallamar bai yi da kyau ba.

Gwaggo ta ja tabarma ta zauna bakin ƙofa.

Sa'adiyya ta ce, "Kwantar da hankalinka. Ba roƙonka na zo yi ba. Aiki na kawo maka."

"Na ce miki na fita."

"Ka fita, amma ka bar min tulin ƙorafi a waya. Na gyara su. Ka duba, ka ce sun yi, in kama hanya."

Ta jawo ɗan teburin shayinsa, ta buɗe kwamfutar, ta jona maus. Hasken allon ya bugi fuskarsa, ya runtse ido.

"Ka ce in mutum ya ja akwati da maus don ya zaɓi sojoji, yana kwasowa har da manoma, a tafi da su filin yaƙi a karkashe. Ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To yanzu muddin akwai soja ko ɗaya a cikin akwatin, sojoji kaɗai zai ɗauka. Manomi sai ka neme shi da gangan."

Ta ci gaba.

"Ka ce suna cunkushewa a gadar Maruta. Kowa na son ya riga wucewa, na baya ya tura na gaba, wani ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Wannan ya fi komai ba ni wuya. Yanzu layi suke bi. Masu mashi a gaba, maharba a baya. Wanda ya tarar da hanya a cike zai tsaya ya jira."

"Sa'adiyya..."

"Ban gama ba. Ka ce zoben da ke fitowa ƙarƙashin wanda aka zaɓa ya yi siriri, koren ma yana ɓacewa cikin ciyawa. Na mai da shi ruwan ɗorawa, na yi masa kauri. Ka ce sai an danna daidai kan mutum kafin ya zaɓu, ya cika tsanani. Yanzu ko kusa da shi ka danna, zai kama. In ka danna sau biyu, duk irinsa za su zaɓu."

Ta tsaya ta ja numfashi.

"Har abin da na yi maka dariya a kai. Da ka ce 'yar taswirar da ke kusurwa a dawo da ita tsakiya, na ce wane mai hankali ne zai toshe filin yaƙi da taswira. To na sa mata maɓalli. Ka danna ta zo tsakiya, ka saki ta koma."

"Kin sha wahala."

"Ba wannan ce wahalar ba."

Ta danna kan wani maharbi. Sifika ta ce, "Na'am, muna ji!"

Muryar Taufiq ce. Tun bara suka ɗauke ta a shagon Micah mai haɗa sauti, ranar da suka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo.

Ta danna mai mashi. "Ina muka nufa?"

Ta danna manomi. "Gona ko gida?"

"Kai ka nace kowane iri ya yi magana in an zaɓe shi," in ji ta. "Ka san sau nawa nake danna su a wuni kafin in tabbatar gyara ya zauna? Kai ka ƙi ɗaga wayata, amma kullum ina zaune kana ce min na'am, muna ji. Har Umma ta leƙo ta ce ko ka zo ne."

Gwaggo ta sa bakin zaninta ta goge ido.

Sa'adiyya ta tura masa maus ɗin.

"Buga."

"Ba zan buga ba."

"Wallahi ba zan bar ɗakin nan ba sai ka buga. Sau ɗaya. Ka kare Zandam, ka tsallake gada, shi ke nan ka rabu da ni."

Can ya miƙo hannu. Yatsunsa suka fara taɓa gefen teburin, suka shafo, sannan suka hau kan maus ɗin.

Ta lura, amma ta ɗauka jan rai ne.

Ya matso da fuskarsa dab da allon. Aka fara.

Da farko kamar Taufiq ɗin da ta sani. Hannun hagunsa na kan maɓallai ba ya ko duba su. Ya tura manoma gona. Ya danna sau biyu, maharba suka amsa masa da muryarsa. Ya jera masu mashi a bakin Maruta. Har wani guntun murmushi ya so ya suɓuce masa.

"Akwatin ya yi," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Bai ɗauko manomi ba."

Ta ci gaba da kallon allon.

Sai jajayen mayaƙan abokan gaba suka ɓullo ta gefen hagu. Ba a ɓoye suka zo ba, tuli guda, suna tafe kai tsaye Zandam. 'Yar taswirar kusurwa ta shiga walƙiya da ja.

Taufiq bai motsa ba. Yana can yana gyara layin masu mashi.

Suka cinna wa rumbun farko wuta. Suka cinna wa na biyu. Hayaƙi ya cika gefen allon.

Ta kalle shi. Mutumin da ko tsuntsu ya gifta a taswira sai ya ce ta rage masa gudu.

"Ya Taufiq."

"Na'am."

"Ana ƙona Zandam."

Ya zabura. Ya juya kansa hagu, ya dawo dama, ya sake komawa, kamar mai neman abu da tocila. Ya ja akwati a inda babu kowa. Ya sake ja, ya kamo manoma. Ya danna tsakiyar kogi.

Sifika ta ce da muryarsa, "Babu hanya nan!"

Ya sake dannawa.

"Babu hanya nan!"

"Gadar tana sama," in ji ta a hankali. "Kai ka zana ta."

"Na sani. Hannuna ne ya kauce."

Gabanta ya faɗi. Ta miƙa hannu ta kashe sautin kwamfutar gaba ɗaya.

Ɗakin ya yi tsit. Ana jin kaji a tsakar gida.

"Me ya sa kika kashe?"

"Zaɓi maharba."

"Kunna sautin."

"Zaɓi maharbanka, Ya Taufiq. Ga su nan a gabanka."

Ya girgiza maus ɗin. Ya sake girgizawa da ƙarfi. 'Yar kibiyar na ta zirga-zirga a ƙasan allon, shi kuma idonsa na sama yana nemanta. Zufa ta tsattsafo masa a goshi.

Sa'adiyya ta kama bakin gyalenta, ta ɗaga shi daidai gefen fuskarsa ta hagu. Ta kaɗa. Ta matso da shi har ya kusa taɓa kunnensa.

Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta zagaya da shi ta dama. Nan ma shiru, sai da ya zo daidai hancinsa sannan ya ja baya a firgice.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Gwaggo, ba ya gani. Gwaggo, Ya Taufiq ba ya gani!"

Gwaggo ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa.

Ya saki maus ɗin, ya jingina da bango.

"Ina gani," ya ce. "Kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun bara na fara karo da abubuwa. Na ɗauka rashin barci ne da kallon kwamfuta. Ranar da na hau mashin zan je Fagam, wata akuya ta fito ta hagu, ban gan ta ba sai da na ji ni a ƙasa. Shi ne aka kai ni asibitin ido a Kano."

"Me suka ce?"

"Hawan jinin ido. Ya daɗe yana ci ba na ji. Na hagu ya tafi. Na dama kuma... kin san in kika naɗe takarda kika leƙa ta ciki? Haka nake ganin duniya. Kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake."

"Ba magani?"

"Akwai na ɗigawa. Yana rage masa gudu ne. Wanda ya tafi ba ya dawowa."

Ta dafe kai da hannu biyu. Saƙonninsa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. A ƙara wa zobe kauri. A sa su yi magana. A kawo taswira tsakiya.

"Shi ya sa," ta faɗa cikin kuka. "Duk ƙorafin nan, shi ya sa."

"Shi ya sa."

"Ni kuma na ce ka cika mita. Na ce in ba za ka iya buga gem ba ka bar wa masu iyawa. Ya Taufiq, da bakina na ce maka ko makaho zai ga zoben nan!"

"Ba ki sani ba."

"Me ya hana ka sanar da ni?"

"Da na faɗa miki, da kin ajiye aikin kin zauna kina kuka. Ni kuma so nake ki gama. Abu ɗaya nake ta roƙon Allah, in ga mutanenmu sun tsallake gadar Maruta ba tare da sun maƙale ba. Da idona. Sau ɗaya, kafin ya rufe."

Ta goge fuska da gyale. Ta miƙe kan gwiwoyinta, ta jawo kwamfutar gabansa.

"Matso."

"Sa'adiyya, bar shi."

"Na ce ka matso. Gwaggo, don Allah ja labulen ƙofar, hasken waje na dukan allon."

Ta sake sabon wasa. Ta kunna sauti. Ta zuƙo gadar har ta cika tsakiyar allon, babu komai sai ita da ruwa.

"Kana ganin gadar?"

Ya karkata kai, ya daidaita idon dama.

"Ina ganinta."

"Maus ɗin na gaban hannunka. Kibiyar na kan wani mai mashi, na ajiye maka ita. Danna sau biyu."

Ya danna. Zobba masu ruwan ɗorawa suka haska a ƙarƙashinsu.

"Ina muka nufa?" in ji sifika.

"Na ga zobban," ya ce. "Wallahi na gan su."

"Riƙe maɓallin ƙara zaɓi, ka ja ƙasa kaɗan wajen maharba. Tsaya. Danna sau biyu."

"Na'am, muna ji!"

"Yanzu tura sama. Ƙara. Ƙara kaɗan. Nan ne tsallake. Danna."

Suka taso. Da suka iso bakin gada sai suka rage gudu. Masu mashi suka shiga bibbiyu. Maharba suka ja suka tsaya, babu mai ture wani. Na ƙarshen masu mashi na sa ƙafa, na farkon maharba ya bi bayansa.

Taufiq ya daina numfashi. Hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Ga wancan ya tsaya yana jira," ya raɗa. "Inna, zo ki gani, yana jira. Da can nan wurin yake haukacewa ya yi ta juyi."

Gwaggo ta taso ta leƙa ta bayansa. Ba ta san me take kallo ba, amma ta ce, "Na gani, ɗan nan. Masha Allah."

Na ƙarshe ya sauka. Suka jeru a tsallake, zobbansu na haske.

Hawaye ya gangaro masa ta ido biyun, har da wanda ba ya gani.

"Alhamdu lillahi. Kin iya, Sa'adiyya. Kin fi ƙarfin abin."

"Mun iya."

"A'a. Daga nan ke kaɗai ce. Ki kai shi baje kolin matasa na Dutse kamar yadda muka tsara. Ki cire sunana in kin so."

"Ba inda zan kai shi ba kai. Kuma sauran gyara ma yanzu na san shi. Zan sa ƙara ta daban in an kawo hari ta hagu, wata ta dama. Zan sa maɓallin da zai dawo da kibiya tsakiya in ta ɓace maka. Ko idon ya rufe gaba ɗaya, sai ka buga gem ɗin nan da kunne."

"Gem ne wannan. Rayuwa ba ta da maɓalli."

"Ni ban ce tana da shi ba. Cewa na yi ina nan."

"Ki daina."

"Ranar da aka sa ba a ɗaga ta ba. Kayan ɗakina na nan a ɗaure. Ni ban janye ba."

"Ni na janye."

"Saboda ido?"

"Saboda ba na so."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya yi wata dariya mai ciwo.

"Ko na kalle ki, bakinki kawai zan gani ko idonki ɗaya. Rabon da in ga fuskarki gaba ɗaya tun kafin azumi."

Maganar ta soke ta, amma ba ta ja baya ba.

"To kalli idon nawa ɗaya, ka ce ba ka so na."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya kau da kai bango.

"Ki tafi gida, Sa'adiyya. Hadari na haɗuwa, ina jin ƙamshinsa. Mota za ta yi miki wuya."

"Ba ka faɗa ba."

"Na yanke shawarata ni kaɗai, babu wanda..."

"Ƙarya ne!"

Gwaggo ce. Tana tsaye a kansa.

"Inna, don Allah."

"Na gaji, Taufiq! Na gaji da ganin kana narkewa a ɗakin nan kamar man shanu a rana. Ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

"Inna, na yi alkawari."

"Kai ka yi, ba ni ba."

Sa'adiyya ta juyo.

"Alkawari da wa, Gwaggo?"

"Wa kike zato ya kai shi Kano? Wa ya zauna da shi gaban likita?"

"Wa?"

"Ubanki. Ƙanina, Alhaji Salihu."

Ɗakin ya juya mata.

"Abba ya sani?"

"Tun ranar farko."

"A'a. A'a, Gwaggo. Ranar da saƙon Ya Taufiq ya shigo, a gaban Abba na faɗi ina kuka. Shi ya ɗaga ni. Ya ce in yi haƙuri, shi ma bai san me ya shiga kan yaron nan ba. Har cewa ya yi zai zo ya ji dalili."

"Ya riga ya zo. Nan inda kike durƙushe, nan ya durƙusa."

"Abba? Ya durƙusa?"

Taufiq ya rufe fuska da tafin hannu.

"Bai tilasta ni ba," ya ce. "Ki ji wannan da kyau, kar ki ɗauki ubanki da wani abu. Da tsawa ya yi min, da na yi masa gardama. Kuka ya yi. Kawu, da girmansa, ya kama ƙafata yana kuka."

"Ya ce me?"

Gwaggo ta zauna daɓas a bakin gadon.

"Ke ba ki taso kin tarar da kakanku Malam Ɗanbala ba. Wannan ciwon ne ya rufe masa ido tun muna yara, lokacin ba a san sunansa ba. Innarmu ita ce jagora, ita ce gona, ita ce kasuwa. Ta riga shi mutuwa don wahala. Alhaji yana ƙarami ya ga wannan, bai taɓa mantawa ba. Ya ce ba zai iya kallon 'yarsa ta bi sawun uwarsa ba."

"Shi ne aka yanke min hukunci ba a tambaye ni ba?"

Ta kalli Gwaggo, ta kalli Taufiq.

"Ku uku kuka zauna. Kuka bar ni ina zaton wata ya samu. Ina duba madubi ina neman abin da ya gani a jikina ya tsana. Damina guda ina kwana ina tashi da wannan, Abba na zuba min abinci yana cewa in ci, komai zai wuce!"

"Sa'adiyya, don ke ya yi."

"Kai ma don ni ka yi, ko? Kowa don ni. Ni kaɗai ce ban san abin da ya dace da ni ba."

Ta fizgo wayarta daga jaka. Ta kuskure lambar, ta sake.

"Me za ki yi?" Taufiq ya miƙe, gwiwarsa ta bugi teburin, maus ɗin ya faɗi ƙasa. "Kar ki kira shi cikin fushi. Inna, karɓe wayar!"

Ta riga ta danna.

Ta kara a kunne. Ta fara shiga.

Sai suka ji ƙarar waya daga zaure.

Su uku suka daskare.

Ƙarar ta matso tsakar gida, tare da takun takalmi a hankali, da wata murya da ke ce wa direba, "Ɗan'azumi, koma mota ka jira ni. Daga nan na san hanya."

Aka ɗaga labule. Alhaji Salihu ne, da farar shadda, wayar na ta kuka a aljihunsa bai kashe ba.

"Salamu alaikum. Ba sai kin kira ba, Sa'adiyya. Ummanki na gaya min na taso."

Ta miƙe tsaye. Tun da take ba ta taɓa yi wa ubanta magana a tsaye ba.

"Abba, da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Ka roƙe shi ya bar ni?"

"Na roƙe shi. Kuma ko yau aka dawo da ni, zan sake roƙonsa."

"Abba, ni na ce zan iya! Zan zame masa ido. Ba gona zan yi ba, ba kasuwa zan yi ba, aikina a zaune nake yinsa. Me zai gagare ni a kula da mutum ɗaya?"

"Mutum ɗaya ba zai gagare ki ba. Na san 'yar da na haifa."

"To me ya sa?"

Ya sako ƙafa cikin ɗakin, ya miƙa hannu zai dafa ƙyauren ƙofar.

Hannun ya wuce ta gefe, ya kama iska.

Ya yi taga-taga. Ya sake lalubawa, sannan ya same shi.

Gwaggo ta miƙe a hankali, hannunta a ƙirji.

"Salihu... mene ne haka?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, a hankali, har ya saita inda 'yarsa take.

"Ranar da na kai Taufiq, likitan ya ce ciwon na bin jini. Ya ce tun da na zo, in zauna a duba ni."

Wayar ta suɓuce daga hannun Sa'adiyya.

"Ke ce babba a gidana, ƙannenki duk yara ne," in ji shi. "Makafi biyu sun yi miki yawa, Sa'adiyya."